Injin da Muka Rage wa Kaya

Shekara bakwai motar ta yi a bayan gidanmu na Daɗin Kowa ba ta motsa ba. Ja ce, mai ƙofa biyu, gajera ƙwarai, irin waɗanda aka ƙera don gudu ba don ɗaukar iyali ba. A hannun wani likita da zai bar Jos na saye ta, lokacin ina da ƙarfina, ina aikin zanen taswira a ofishin safiyo. Ranar da na kawo ta gida matata ta zagaya ta sau ɗaya, ta leƙa kujerar baya, ta ce, "Malam, wannan ai ta mutum ɗaya ce." Ban musa mata ba.

Na more ta shekaru. Sai wata rana ina dawowa daga Akwanga, a tsakiyar Hawan Kibo, allurar zafi ta haye ja, tururi ya rufe gilashi. Janwe ne ya kawo ta gida. Na lulluɓe ta da tamfol, na ce wata mai zuwa zan gyara. Ana haka yara suka gama makaranta suka watse, babban yana Legas, macen ta yi aure a Kaduna, ni kuma na yi ritaya.

Ritayar ce ta mai da ni kan motar. Na saba tashi da asuba in shirya in fita, sai ga shi na idar da salla, na karya, rana ta fito, babu inda ake jira na. Wata safiya na yaye tamfol ɗin don kawai in gani. Tayoyi sun sace, ɓeraye sun cinye soson kujera, amma da na zauna na riƙe sitiyari sai na ji a karon farko cikin watanni akwai abin da nake so in yi.

Mutum ɗaya ne a garin nan na yarda ya taɓa ta. Wani dattijon bakanike ne a Farin Gada, can bayan kasuwar kayan gwari, sai ka ratsa manyan motocin da ake loda wa kabeji da dankali kafin ka kai rumfarsa. Ɗan asalin Filato ne, Kirista, daga wani ƙauye ta wajen Bokkos, ya koyi aiki tun yana saurayi a garejin masu haƙar kuza. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka. Shi kuwa Oga yake kira na, duk da ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Hausarsa irin ta mutanen nan ce, komai namiji ne a bakinsa, har mota, har matarsa marigayiya.

Da janwe ya sauke motar a gaban rumfarsa, sai na lura babu ko mota ɗaya a wurin. A da kuwa sai ka yi layi. Na ɗauka rana ce kawai ba ta yi ba. Ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallo, hannunsa na dama a aljihun rigar aiki.

"Oga, wannan mota bai mutu ba," ya ce. "Kaya ne ya yi masa yawa."

Kwana uku muka yi muna sauke injin. Turbo biyu gare ta. Turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta cusa iska cikin injin da ƙarfi, shi ya sa ƙaramar mota ke iya gudun da ya fi ƙarfin jikinta. A tawa, na farko yana aiki tun daga tashi, na biyun sai an ba ta wuta sosai yake shigowa. Abin da ke haɗa aikinsu kuwa wasu siraran tiyo ne na roba, sun nannaɗe juna a ƙarƙashin bututun iska kamar saƙar tsuntsu. Baba ya kama ɗaya da yatsa biyu, ya karye kamar busasshiyar taliya. Ya kama wani, shi ma haka. Muka riƙa cirewa muna jerawa a kan buhu, da na wuce talatin sai na daina ƙirga.

"Duk za mu zubar," in ji shi. "Turbo ɗaya za mu sa, babba kaɗan. Tiyo huɗu ya ishe shi."

Ban ji daɗin maganar ba. Na ce, "Haba Baba, waɗanda suka ƙera ta ai ba wawaye ba ne. Kowane tiyo da dalilinsa."

"Ba wawaye ba ne," ya ce. "Amma don ƙasarsu suka yi shi, inda in tiyo ɗaya ya fashe akwai shago mai irinsa. Nan in ɗaya ya tsage a hanya, wa zai gane wanne ne? Ni kaina sai na yi yini biyu ina nema. Abin da ya kashe maka shi a Hawan Kibo ke nan. Duk abin da babu shi a mota, ba zai lalace ba."

Na koma gida na kwana da maganar. Ni mutum ne da ya shekara talatin yana zana abu yadda yake, ba ƙari ba ragi, don haka cire rabin kayan injin ya yi mini kama da cin amana. Amma na yi kwana biyu ina zagaya shagunan kayan gwanjo da hoton tiyoyin a waya, kowa ya duba sai ya girgiza kai. Na dawo na ce masa ya yi yadda ya gani.

Da farkon damina muka fara. Kullum bayan na karya sai in hau keke napep zuwa Farin Gada, in dawo da la'asar tufafina na warin baƙin mai. Muka cire injin sanyaya cikin motar gaba ɗaya, da bututunsa da bel ɗinsa, domin a cewar Baba mutumin Jos da ke neman ƙarin sanyi yana da wata damuwar daban. Lagireton asali mai kan roba ne, shi ma ya tsage, sai muka samo na tagulla daga wata tsohuwar bas, mai walda na maƙwabtansa ya yanke ya daidaita shi. Turbo ɗin sai da aka yi sati biyar kafin wani ɗan kasuwa ya kawo shi daga kudu, mai waldan ya haɗa masa sababbin bututu, ya ɓata biyu kafin na uku ya zauna. Wayoyin wuta da babu sauran abin da suke kaiwa gare shi muka bi su ɗaya bayan ɗaya muka zare, har suka cika bokiti. Na zana taswirar waɗanda suka rage a kan takarda mai faɗi, da launi daban-daban, Baba ya manna ta a bangon rumfa yana nuna wa duk wanda ya shigo.

Shi kansa injin kuwa mun warware shi har ƙashi. Fistin shida ne. Aka kai kiranshaf, ƙaton ƙarfen da fistin ke juyawa, wurin masu gurzawa, muka sayi sababbin ringi da metal, wato siraran ƙarafan da ke zama tsakanin kiranshaf da sandar fistin. Muka wanke komai da kananzir, muka jera a kan katako bisa tsari.

A wannan lokacin ne na gane abin da ya kori mutane daga rumfar. Na miƙa masa wani ɗan noti, ya fito da hannun dama ya karɓa, notin ya faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Hannun rawa yake yi, ba ƙaramar rawa ba, kamar ba nasa ba. Ya yi maza ya mai da shi aljihu.

"Sanyi ne," ya ce.

Rana ce tsaka, muna gumi. Sai bayan kwana biyu, muna zaune a kan benci muna cin gasasshiyar masara, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Oga, ka gani ko? Shekara biyu ke nan. Asibiti sun ce ba ya warkewa, sai dai a rage. In kana so ka ɗauki motarka ka kai wani wuri, ba zan ji haushi ba."

Na ce, "Ina zan kai ta, Baba? Ku faɗa mini abin yi, ni in yi."

Ya daɗe yana tauna masara. Sannan ya ce, "To. Kai ne hannu, ni ne ido."

Haka muka ci gaba. Yana zaune a kan wata tsohuwar taya, ni ina tsugune gaban injin. Ya koya mini yadda ake buɗa ringi ba tare da ya karye ba, da yadda ake jin zaman metal da yatsa, da yadda ake ɗaure noti a jere daga tsakiya zuwa gefe. Yana da wata sufana mai awo, doguwa, wadda in noti ya kai ƙarfin da ake so sai ta yi ƙara, ƙas. Tun zamanin kuza take hannunsa, ba ya bari ta kwana a rumfa. In na yi gaggawa sai ya daka mini tsawa kamar ɗan koyo, ni kuwa in yi dariya. Rabon da wani ya kula da abin da hannuna ke yi har ya yi mini faɗa, na manta.

Ranar da muka zo ɗaure sandunan fistin, hadari ya haɗo tun hantsi. Noti goma sha biyu ne, biyu ga kowane fistin. Na gama na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, Baba yana lissafawa da baki. Ina kan na biyar sai ruwa ya kece da ƙanƙara, irin wadda Jos ta saba da ita, manya kamar goriba ƙanana. Kwanon rumfar ya ɗauki ƙara har ba na jin muryarsa, balle ƙas ɗin sufana. Iska ta riƙa watso ruwa ciki, kai tsaye kan buɗaɗɗen injin. Na yar da sufana, muka kama tamfol ni da shi muka rufe, muka danne da duwatsu, muka tsaya a lungu muna rawar ɗari. Kusan sa'a ɗaya aka yi. Da aka ɗauke, na goge ruwan da ya shiga, na ɗauki sufana na ɗaure na shida.

"Ka gama na biyar?" ya tambaye ni.

"Na gama," na ce. Kuma a lokacin har zuciyata haka na yi zato.

Damina ta kusa ƙarewa muka ɗaura injin. Da ka ɗaga bonet sai ka ga fili, har kana iya hango ƙasa ta gefen injin, abin da a da ko yatsa ba ya shiga. Ranar tayarwa mai walda da masu shagunan kusa suka taru. Na murza makulli, ta yi tari biyu, ta kama. Babu hayaƙi, babu rawa. Baba ya ɗora tafin hannun hagu a kan injin ya rufe ido, yana saurare.

Muka fita gwaji ta hanyar Barikin Ladi, shi a gefena. Da muka bar cunkoso na taka totur a hankali kamar yadda ya ce, turbo ya yi wani siririn fito, motar ta miƙe kamar an sake ta daga mari. Ko tana sabuwa a hannuna ba ta taɓa tafiya haka ba. A da akwai wani ɗan jinkiri kafin turbo na biyu ya shigo, sai ta fizge ka ba shiri. Yanzu ƙarfin a jere yake zuwa, allurar zafi kuwa ta tsaya a tsakiya ba ta gusa ba. Na waiwaya na ga dattijon yana dariya, bakinsa a buɗe, hannun nan yana ta rawa a kan gwiwarsa bai ma damu ya ɓoye shi ba.

"Ka ji shi?" yake ta faɗa. "Oga, ka ji shi?"

Kwana goma sha tara na yi da ita. Na kai matata gidan yayarta a Bukuru, ta shiga da ƙyar tana ƙorafin gwiwa, amma a hanya na ga tana murmushi. Na je ɗaurin aure biyu. Na wanke ta sau shida.

Rana ta ashirin, da safe, ina tafiya a hankali zan je sayen burodi, sai na ji wata ƙara daga ƙasa, ƙwan, ƙwan, ƙwan. Kafin in kai hannu ga makulli sai wani abu ya fashe kamar an jefa dutse a tukunyar ƙarfe. Motar ta mutu. Na fito na ga baƙin mai yana kwarara a kan kwalta, da gutsattsarin ƙarfe a ciki. Na durƙusa na leƙa. Sandar fistin ta huda jikin injin ta fito, ramin ya kai girman dunƙulen hannuna.

Bayan janwe ya kai ta gida na wuce Farin Gada. Rumfar a kulle. Na gaya wa mai walda abin da ya faru, shi kuma ya ce kwana huɗu da suka wuce Baba ya faɗi a bakin hanya yana jiran mota, 'ya'yansa suka zo suka kwashe kayansa, suka tafi da shi ƙauye. Ya ce ba ya jin zai dawo.

Ni kaɗai na kwance kaskon mai na ƙasan injin, a bayan gida, kwance a kan buhu. Na tsoma hannu cikin ragowar man ina lalube, na fito da noti ɗaya. Lafiyarsa ƙalau. Bai karye ba, zarensa bai cinye ba, kwancewa kawai ya yi a hankali har ya faɗo. Na duba ramin. Fistin na biyar ne.

Na daɗe a kwance a wurin. Matata ta leƙo ta ce abinci yana hucewa, na ce ina zuwa. Da a ce kayan jabu aka sayar mana, ko mai gurza kiranshaf ne ya yi kuskure, da na sami wanda zan yi wa fushi. Wata biyar na aikin dattijon nan, da duk abin da ya sani a duniya, noti ɗaya da ban ƙarasa ba ya tafi da su.

Na nemi wani jikin injin. Na buga waya Kano, Kaduna, Legas, Onitsha, duk inda aka ce in gwada. Irinsa ya ƙare, waɗanda suka san shi ma kaɗan ne. Wasu matasan makanikai suka zo suka duba, suka ce a ɗaura mata injin ƙaramar motar haya, za ta yi tafiya. Ɗayansu ya ga bututun da mai walda ya haɗa ya tambaya wane ne ya yi wannan haukan. Na sallame su. Ɗana ya kira daga Legas ya ce, "Abba, don Allah ka kira 'yan gwangwan su ɗauke ta, ka huta." Na ce zan duba.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa gaishe shi. Motar haya na shiga har Bokkos, daga nan ɗan acaɓa ya ratsa da ni gonakin dankali zuwa ƙauyen. 'Yarsa ta fari ce ta tarbe ni, mace mai kamar shekara hamsin, malamar firamare. Yana zaune a tsakar gida cikin rigar sanyi biyu. Yanzu hannuwan duka biyun ne ke rawa, har da haɓarsa, muryar kuma ta yi ƙasa sai ka matso. Amma ya gane ni tun daga ƙofa.

"Oga! Ina mota?"

Tun daga Jos nake shirya yadda zan faɗa masa. Notin ma yana aljihuna, na zo da shi don in nuna masa cewa laifina ne, ba nasa ba. Na buɗe baki sai na ji na ce, "Tana gida, Baba. Lafiyarta ƙalau."

"Me ya sa ba ka zo da shi ba?"

"Hanyarku ba ta da kyau. Kun san cikinta a ƙasa yake."

Ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko tana zafi, na ce ko kaɗan. Ya tambaya ko na canza mai na farko, na ce na canza. Ya ce in riƙa barin ta ta yi minti biyu a kunne kafin in kashe, saboda turbo. Sannan ya juya ga 'yarsa ya ce, "Na yi shekara hamsin ina aiki, ban taɓa haɗa injin kamar wannan ba. Shi ne na ƙarshe, shi ne ya fi duka." Ta kawo mini gwate, faten mutanen nan, a kwano, na ci ban ji ɗanɗanonsa ba. Da zan tafi ya riƙe hannuna da nasa biyun, rawar tana shiga har kafaɗata.

"In rani ya yi hanya yana gyaruwa," ya ce. "Ka kawo shi in ji ƙararsa."

Na ce in Allah Ya so.

'Yar ta raka ni har inda ake samun acaɓa. Muna tafiya ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, mai walda ya kira su tun a satin da abin ya faru, sun sani, su ne suka hana a gaya masa. Ta yi mini godiya. Ta ce duk baƙon da ya zo sai ya ba shi labarin jar motar. Ban gaya mata zancen notin ba, ita ma ba ta tambayi abin da ya jawo ba.

Rani ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Lokaci-lokaci takan kira ni mu gaisa, ta ce jikin sai a hankali, yanzu sai an ba shi abinci a baki, magana ma ta fara gagara. A kiran da ta yi na baya-bayan nan ta ce ya sa an juya masa kujera ta fuskanci hanya, in ya ji ƙarar mota daga nesa sai ya ɗaga kai. Ta ce in na sami hali in leƙo, ko ba da mota ba, za ta san abin da za ta faɗa masa. Na ce mata zan zo. Yau wata huɗu ke nan ban je ba.